Ɓera Da Zazzaɓin Lassa: Jawabi Ga 'Yan Ƙungiya

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, malamai, 'yan'uwa maza da mata.

Yawancinmu neman halal ne ya kawo mu Bauchi, kuma da dama daga cikinmu hatsi muke sayarwa a kasuwar Muda Lawal da ta Wunti. To, inda hatsi yake, nan ɓera yake. Shi ya sa yau za mu tattauna a kan zazzaɓin Lassa.

An fara gano wannan cuta a 1969 a garin Lassa, cikin jihar Borno ta yanzu. A 1970 ta ɓarke a Jos, nan kusa da mu. A 2023 da 2024 kuwa, alƙaluman hukumar NCDC sun sa Bauchi cikin jihohin da suka fi yawan masu kamuwa, tare da Ondo da Edo.

Amma jama'a, ƙirga waɗanda aka kwantar a asibiti bai isa ya nuna girman haɗarin ba. Kusan mutum 80 cikin 100 da suka kamu, ciwon ba ya tsananta gare su, ba sa ma zuwa asibiti. Kuma asalin gidan ƙwayar cutar ba jikin mutum ba ne. Tana zaune ne a jikin wani ɓera mai nonuwa da yawa, shi ko gezau, yana zubar da ita ta fitsari da kashi. A 2016 masana sun same ta a jikin wasu irin ɓeraye biyu a Nijeriya da Gini.

Saboda haka masu auna haɗarin abu uku suke dubawa. Na ɗaya, ɓeraye nawa ne a unguwa? Na biyu, cikin waɗanda aka kama a tarko aka gwada, nawa ke ɗauke da ita? Na uku, sau nawa suke taɓa abincinmu da ruwanmu? Biyun farko aikin masana ne. Na ukun kuwa a hannunmu yake, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Don haka, musamman da rani lokacin da cutar ta fi yawa, mu rufe tukwane da randuna. Mu ɗora buhuna a kan katako. Mu daina shanya abinci a ƙasa. Mu toshe ramuka, mu kwashe bola tare, tunda ɓera bai san katangar maƙwabci ba.

Idan zazzaɓi ya ƙi jin maganin cizon sauro, kada mu ɓoye mara lafiya a ɗaki, domin mutum ma yana sa wa mutum ta jini da sauran ruwan jiki. Mu kai shi asibitin koyarwa na ATBU da wuri, nan ne ake gwaji da magani. Wanda ya yi jinyarsa kuma, a sa masa ido har kwana 21.

Allah Ya kare mu da iyalanmu. Wassalamu alaikum.