Shuɗi ko kore: ganyen bishiyar butiya

A yankin Rocha na ƙasar Urugwai da kudancin Burazil akwai wata bishiya dangin dabino da ake kira butiya, masu lambu a Amurka kuma su ce pindo. Abin da ke ɗaure wa masu dasa ta kai shi ne launin ganyenta: wani kore shar, wani shuɗi-shuɗi mai toka-toka, alhali iri ɗaya ne.

Dalilin yana kan fatar ganyen. Bishiyar na fitar da wani siririn kaki mai mayar da hasken rana, mai kuma rage ƙafewar ruwa. Inda kakin ya yi kauri sai ganye ya yi shuɗi. Goge shi da yatsa, koren zai bayyana. Wajen kaurin kakin, gado ne kan gaba, tunda daga ƙwallo ake shuka ta, kowace da halinta. Rana mai ƙarfi kan ƙara shuɗin, inuwa ta rage shi.

Ni dai ba na jin daɗin ganin mai lambu ya ɗauki koriyar a matsayin marar lafiya yana ta zuba mata taki. Lafiyarta lau. Mai son shuɗiya ya je ya zaɓa da idonsa wurin masu sayar da dashe.