DARASI DAGA RABUWAR PAKISTAN: SUNAN MUSULUNCI BA YA RUFE ZALUNCI

(Jawabin da wani ɗan uwa ya gabatar wa matasa a Lafani, yankin Illela)

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

A 1947 aka kafa Pakistan da sunan Musulunci, ɓangare biyu, Yamma da Gabas, Indiya na tsakani da tazarar kilomita kusan 1,600. Mutanen Gabas, wato Bangalawa, su ne mafi yawa, amma soja da mulki suna hannun Yamma. Tun 1948 aka ce Urdu kaɗai ne harshen ƙasa, kuma da ɗalibai suka fito a Dakka ranar 21 ga Fabrairu 1952 suna neman a girmama harshensu, sai 'yan sanda suka buɗe musu wuta.

A zaɓen Disamba 1970, jam'iyyar Shaikh Mujibur Rahman ta lashe kujeru 160 cikin 300. Rinjaye ke nan! Amma Janar Yahya Khan ya ɗage zaman majalisa, Bhutto kuma ya ƙi yarda a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Daren 25 ga Maris 1971 aka saki soja a kan jama'a, Musulmi na kashe Musulmi, miliyoyi suka gudu Indiya. Nan Indiya ta samu ƙofa ta shigo yaƙin. Ranar 16 ga Disamba Janar Niyazi ya miƙa wuya a Dakka, mutum kusan 90,000 suka zama fursunonin yaƙi, Bangaladash ta ɓalle.

To, 'yan uwa, wa ya raba ƙasar nan? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zalunci da raina ɗan uwa su suka tsaga bangon tun kafin Indiya ta zo. Mu ma mun ga irin wannan lokacin da soja suka soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, ƙasa ta kusa kifewa.

Ga mu zaune a bakin iyakar da Turawa suka shata tsakaninmu da 'yan uwanmu na Ƙonni. Kowannenmu ya binciki kansa: da wane ido yake kallon Musulmi Bayarabe, ko Buzu, ko ɗan Nijar a kasuwar Illela? In kana raina harshensa ko kana tauye masa mudu, to ciwon da ya raba Pakistan yana jikinka, komai ƙarfin kabbararka.

Allah Ya haɗa kanmu bisa adalci. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.