Ɗanmu Ya Tafi Koyon Waƙa: Me Yake Yi a Can, Me Zai Kawo Mana?

Jawabi ga iyaye, dattawa da ƙungiyoyin mawaƙa na ikkilisiyoyinmu a ƙasar Talata Mafara, Bakura da Maradun

   

Maganar da muka kawo yau a kan 'ya'yanmu ce masu son koyon waƙar sujada a makaranta. Idan yaro ya ce zai tafi karatun fasto, ko aikin asibiti, ko malanta, gida yakan yi murna. Amma idan ya ce waƙa zai koya, sai uba ya dube shi ya ce, "Waƙa kuma? Roƙo za ka yi?" Uwa kuma ta ce ai kowa ma yana waƙa ran Lahadi ba tare da ya biya kuɗin makaranta ba. Mu da muke bi da waƙa a ikkilisiyoyi mun sha jin wannan. Shi ya sa muke so mu gaya muku abin da ɗalibin waƙa yake yi a makaranta, da amfanin da ikkilisiyar ƙauye za ta samu idan ya dawo.

Waƙa abin koyo ce

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A ƙasar Bakura aka haifi Musa Ɗanƙwairo, wanda duk ƙasar Hausa ta san shi da Ɗanƙwairo Maradun, ya kuma rasu a 1991. Sa'idu Faru, wanda ake yi wa kirari da Malamin Waƙa, mutumin Faru ne ta ƙasar Maradun. Ba rana ɗaya suka tashi da gwaninta ba. Ɗanƙwairo ya fara ne a cikin ƙungiyar mahaifinsa, yana amshi, yana koyon inda ake shiga da inda ake yin shiru. Duk wanda ya saurari yadda 'yan amshinsa suke karɓa a kan kiɗan kotso ya san an sha wahalar horo. Idan waƙar fada tana bukatar horo haka, ta Sarkin sarakuna fa?

Littafi Mai Tsarki ma ya nuna mana haka. A Littafin Tarihi na Fari sura 25, Dawuda ya keɓe 'ya'yan Asaf da Heman da Yedutun domin waƙa, an kuma ƙidaya horarrun mawaƙa 288. A wurin akwai malami, akwai ɗalibi. A sura 15 an sa Kenaniya ya shugabanci waƙa domin ya ƙware. Ashe makarantar waƙa tsohuwar aba ce a cikin jama'ar Allah.

Ina ake koyo?

Makarantun da suka horar da yawancin ma'aikatan ikkilisiya a Arewa sanannu ne. Akwai makarantar Kagoro da SIM ta kafa tun shekarun 1930, yanzu tana hannun ECWA. Akwai makarantun Gindiri da SUM ta fara a 1934. Akwai TCNN ta Bukuru da aka buɗe a 1959, da JETS ta Jos da aka buɗe a 1980, da makarantar Anglikan ta Wusasa kusa da Zariya. A irin waɗannan wurare babban karatu shi ne Maganar Allah, amma ɗalibai suna taruwa sujada, suna kuma koyon bi da waƙa, gama fasto na ƙauye sau da yawa shi ne mai ɗaga waƙa. Wanda yake son ya zurfafa kuwa, makarantar tauhidi ta Baftis a Ogbomoso, jihar Oyo, tana da sashe na musamman domin waƙa da kiɗan ikkilisiya. Waɗansu kwalejojin ilimi da jami'o'i na gwamnati ma suna koyar da kiɗa.

Yadda ɗalibi yake kwana ya tashi

Kada ku ɗauka hutu yaron ya tafi yi. Da sassafe akwai addu'a da sujada. Daga nan sai aji. Abu na farko da zai koya shi ne karanta sautin waƙa a rubuce, wato do, re, mi, fa, so, la, ti, do. Wani fasto ɗan Ingila mai suna John Curwen ne ya yaɗa wannan hanya a ƙarni na 19 domin talakawa da yara su iya rera waƙa daga takarda, 'yan mishan kuma suka kawo ta Afirka. Wanda ya iya ta zai ɗauki waƙar da bai taɓa ji ba ya rera ta daidai, kamar yadda mai karatu yake karanta wasiƙar wanda bai taɓa gani ba. Zai kuma iya jin waƙa a bakin tsohuwa ya rubuta sautinta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ana kuma horar da kunne da numfashi. Malami zai buga sauti, ɗalibi ya maimaita, har kunnensa ya riƙa gane inda murya ta zame. Ana koya masa jan numfashi daga ciki, domin kada maƙogwaro ya dushe kafin a kai baiti na uku, kada kuma ya yanke kalma biyu a tsakiya. Zai koyi wani abin kiɗa, ko piyano ko jita ko ganga. Idan kayan kiɗan makaranta kaɗan ne, sai a yi layi, wani ya samu nasa lokacin bayan kowa ya kwanta.

Da yamma sai gwajin ƙungiyar mawaƙa. A nan ake raba muryoyi huɗu: babbar murya ta mata wadda take ɗauke da waƙar, da ta biyu a ƙarƙashinta, sai siririyar muryar maza, sai kakkaura. Yaron da ya saba shi ne tauraro a ƙauyensu, a nan za a ce masa ya rage murya domin ya ji na kusa da shi. Wannan darasi ya fi do, re, mi wuya. A layi ɗaya zai tsaya da Bajju da Berom da Bachama da Bayarabe da Tibi, a koya masa waƙa cikin harshen da bai taɓa ji ba, shi ma ya koya musu ta Hausa. Layi guda na waƙa ana iya maimaita shi sau goma kafin shugaba ya ce ya yi. Wanda ya makara ya ɓata wa kowa lokaci, saboda haka yana koyon cika alkawari.

Ƙarshen mako kuma akan tura ɗalibai ikkilisiyoyin da ke kewaye su yi hidima. Wahala tana nan. Kuɗin makaranta yakan makara, abinci yakan ƙare kafin hutu, ga kewar gida. Ɗalibin da ya fito daga Zamfara yana da ƙarin nauyi, gama yana cikin aji zuciyarsa tana gida, yana jiran waya ya ji ko an kwana lafiya.

Abin da zai kawo mana

Na farko, zai taimake mu mu rera Hausa kamar Hausa. Muna ƙaunar Littafin Waƙoƙi, shi ya yi renon iyayenmu cikin bangaskiya. Amma yawancin waƙoƙin ciki fassara ce, an ɗora kalmomin Hausa a kan karin Turawa. Harshenmu kuwa yana da hawa da saukar murya, yana da inda ake ja da inda ake taƙaitawa. Ku duba gari da muke zama a ciki da gari na tuwo: jan murya ne kaɗai ya raba su. Haka fari na launi da fari na rashin ruwa, saukar murya ce ta raba su. Idan karin waƙa ya ja inda ya kamata a taƙaita, baƙo da yake saurare daga waje ba zai gane abin da muke faɗa ba. Horarren mawaƙi ya san wannan, zai gyara inda za a iya gyarawa, ya kuma tsara sababbin waƙoƙi da karin da ya dace da bakinmu.

Na biyu, zai adana abin da muke da shi. Iyayenmu mata na Zumunta, da tulu da gora, sun ɗauki labarin Yusufu da na Rut da misalan Yesu sun mai da su waƙa. Mutane da yawa da ba su iya karatu ba ta nan suka san Littafi Mai Tsarki, ko da yake an buga shi gaba ɗaya cikin Hausa tun 1932. Haka ƙungiyoyin Sabon Rai Don Kowa, waɗanda suka fara a shekarun 1960, suka kai bishara ƙauyuka da waƙa. Yawancin waɗannan waƙoƙi a ka suke. Tsohuwa ɗaya ta rasu, ta tafi da nata. Yanzu kuma da rashin tsaro ya warwatsa ƙauyuka, wani yana Gusau, wani yana Sakkwato, wani yana Funtuwa, ƙungiyar da take rera su tare ta rabu. Wanda ya iya rubuta kalmomi da sauti shi ne zai hana su ɓacewa.

Bari mu ba ku labarin wata makaranta a Amurka mai suna Fisk, a birnin Nashville. Wata ƙungiyar mishan ce ta kafa ta a 1866 domin baƙaƙen fata da aka 'yanta daga bauta. A 1871 kuɗi ya ƙare, makaranta tana gab da rufewa. Sai ɗalibai tara, yawancinsu an haife su cikin bauta, suka fita yawon waƙa tare da malaminsu George White. Da farko waƙoƙin Turawa suke rerawa. Abin da ya taɓa zuciyar jama'a kuwa shi ne waƙoƙin addu'a da iyayensu suka yi a gonakin bauta, waɗanda su kansu ɗaliban suke jin nauyin rera su a fili. A 1873 suka rera a gaban Sarauniya Victoria ta Ingila. Kuɗin da suka tara ya ceci makarantar, ya gina babban ginin da ake kira Jubilee Hall, wanda yana nan har yau. Horon makaranta ne ya haɗu da waƙar gida. Mu ma muna da waƙar gida, horon ne muke nema.

Na uku, zai riƙe mana matasa. Yaron da yake da wurin zuwa da yamma sau biyu ko uku a mako, yana da muryar da ake jira, ba ya rasa abin yi. Ƙungiyar mawaƙa tana koya wa yaro karatu, da tsayawa gaban jama'a, da biyayya ga shugaba.

Tsoron da ke zuciyar iyaye

Ba za mu yi kamar ba mu san halin da ake ciki ba. A watan Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta na shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. A watan Satumba kuma aka kwashe ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Musulmi da Kirista duk mun yi kuka tare. Uban da ya ce yana tsoron hanya yana da gaskiya. Saboda haka kada a tura yaro kai tsaye ba shiri. A yi shawara da fasto da shugabannin gunduma, a san makarantar, a san wanda zai karɓe shi, a san lokacin tafiya da abokan tafiya. Amma kada tsoro ya sa mu rufe ƙofar karatu gaba ɗaya, gama abin da masu ɓarna suke so ke nan.

Akwai wani tsoro kuma: yaron zai ga birni ya ƙi dawowa. Yakan faru. Sai dai mu tambayi kanmu dalili. A Littafin Nehemiya sura 13, Nehemiya ya tarar Lawiyawa da mawaƙa sun bar Haikali, kowa ya koma gonarsa, domin jama'a sun daina ba su rabonsu. Bai tsauta wa mawaƙan ba, shugabanni ya tsauta wa. Idan mun bar ɗalibi da yunwa shekara uku, da wane baki za mu ce masa ya dawo ya yi mana hidima?

Abin da muke roƙo

Ikkilisiya ɗaya ba za ta iya ba, amma uku ko huɗu za su iya. Ku haɗa kai ku zaɓi yaro ɗaya, mace ko namiji, mai murya da hali nagari. Kada a duba ɗan wane ne. Da kaka kowane gida ya ware mudu ɗaya ko biyu na gero ko dawa. Masu noman rani a kan ruwan Bakolori su ƙara da shinkafa ko albasa. A sayar, a rubuta a littafi, ma'aji ya karanta wa jama'a. Da yayyafi kogi kan cika.

A zauna da yaron da iyayensa kafin ya tafi, a yi yarjejeniya a fili: kowane hutu zai koya wa ƙungiyoyin da suka tallafe shi, in ya gama kuma zai ba da shekarun da aka amince. Idan ya dawo, dattawa su ba shi fili. Tsofaffin shugabannin mawaƙa kada su ɗauke shi kishiya. Shi ma mu gargaɗe shi kada ya raina tulu da ganga domin ya taɓa piyano.

Akwai aikin da ba ya jiran kowa. Matasa masu waya, ku je wurin iyayenmu mata a wannan mako, ku ɗauki muryarsu, ku rubuta kalmomin a littafi, da sunan ƙauyen da waƙar ta fito. Ranar da ɗalibinmu zai dawo, zai tarar da abin da zai fara aiki a kai.

Bulus da Sila sun yi waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi, ba littafi a hannunsu, ba fitila. Abin da ke zuciyarsu suka rera. Mu cika zuciyar 'ya'yanmu tun yanzu, mu kuma horar da waɗanda za su koya musu.

Ubangiji ya tsare ƙauyukanmu, ya kiyaye 'ya'yanmu da ke makaranta, ya mai da kowa gida lafiya.