Kai Ɗan Gidan Wane Ne? Lacca Kan Hadimin Da Ke Tantance Ma'aikata A Tsakanin Na'urori



Muna godiya ƙwarai da aka ba mu wannan dama mu tsaya gabanku, ko da yake akwai waɗanda suka fi mu sani a cikin zauren nan. Abin da muka zaɓa mu yi magana a kansa wani ɗan hadimi ne da ke zaune cikin kwamfuta, ba ya fitowa a kan allo, kuma yawancin masu aiki da na'urar ba su san da zamansa ba. Aikinsa shi ne amsa tambaya guda: wannan da ya zo yana neman shiga, wane ne shi, kuma cikin waɗanne mutane yake? Za mu fara daga ƙauye, domin mutanen ƙauye sun daɗe da sanin nauyin wannan tambaya.

Da yawa daga cikinmu mun fito ne daga ƙasar noma da ke arewa da birnin Kano, watau wajen Dawakin Tofa, Minjibir, Bichi, Kunchi, Makoɗa da Ɗambatta. Ƙasa ce da gona ke manne da gona, gida na hangen gida, da wuya ka ga fili da ba shi da mai shi. Yawan jama'ar da ke kewaye da Kano shi ya ja hankalin masana irin su Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya kuma yi nazarin yankin tun cikin shekarun 1960. To, a irin wannan wuri, in ka tsaya bakin masallacin Juma'a ka ce "Malam Musa", ba mutum ɗaya ne zai waiwayo ba. Shi ya sa ake ƙara sunan uba, ko sana'a, ko unguwa. In yaro ya tafi makaranta, sai a liƙa masa sunan garinsu, kamar yadda aka san marigayi Magaji Ɗambatta.

Kuma in baƙo ya zo neman aron gona ko neman aure, ba a tsayawa kan abin da ya faɗa da bakinsa. Akan tambayi mai unguwarsu, in abin ya fi ƙarfinsa a je wurin dagaci, daga nan sai hakimi. A zamanin En'e, ta wannan tsani ne ake rubuta sunayen masu biyan haraji, har zuwa 1979 da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Haraji ya tafi, amma tsanin yana nan: wanda ya taɓa neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ya san sai da sa hannun masu gari. Darasin da ke ciki shi ne, suna kaɗai bai isa shaida ba, sai an koma ga wanda ke riƙe da rajista.

Yanzu sai mu koma kan na'ura. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma gina tsarin Unix a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, kuma a kan tafarkinsa ne aka gina Linux daga 1991. A wannan tsari, na'ura ba ta damu da sunan mutum ba, lamba take dubawa. Kowane mai amfani yana da lambarsa, kowane rukuni yana da tasa, kuma a jikin kowane fayil an rubuta lambar mai shi da lambar rukunin da aka yarda ya taɓa shi. Mai lamba 0 shi ne mai cikakken iko. Sunayen da lambobin suna cikin wani ɗan fayil da kowace na'ura ke ajiye da nata.

Wannan ya wadatar in na'ura ɗaya ce. Amma ku ɗauka ma'aikata tana da na'ura 40. Rajista 40 ke nan. In an ɗauki sabon akawu sai a rubuta shi sau 40, in an yi masa canjin wurin aiki sai a goge shi sau 40, kuma lalle wata rana za a manta da guda. Saboda haka aka shiga neman hanyar tara rajistar wuri ɗaya. Kamfanin Sun ya fito da NIS cikin shekarun 1980. A wannan zamanin kuma jami'ar MIT ta ƙirƙiro Kerberos, hanyar tabbatar da mutum ta ba shi tikiti. LDAP, watau ƙa'idar yi wa rajista tambaya, ta bayyana a 1993, da hannun masana na Jami'ar Michigan. A shekarar 2000 kamfanin Microsoft ya haɗa waɗannan biyun na ƙarshe cikin Active Directory. Tarin na'urori da mutanen da ke ƙarƙashin rajista ɗaya za mu kira shi gunduma, na'urar da ke riƙe da rajistar kuwa ita ce hakimin gundumar. Abin sha'awa, Windows takan rubuta sunan gunduma tare da sunan mutum, kamar dai yadda muke liƙa sunan gari, sai dai ita gundumar take fara sawa.

Sai wata matsala ta ɓullo. Windows ba ta ƙirga mutane irin yadda Unix ke yi. Ita doguwar lamba take bayarwa mai suna SID, wadda kan fara da S-1-5-21, sa'an nan lambobin gunduma, sa'an nan lambar mutumin a ƙarshe. Alal misali, 500 ta babban mai kula ce, 513 kuma ta rukunin dukan mutanen gunduma. Na'urar Linux ba ta san abin da za ta yi da wannan doguwar lamba ba. Ke nan ana bukatar tafinta.

Tafintan ya fito ne daga aikin wani ɗalibi. A farkon 1992 Andrew Tridgell, yana karatun digiri na uku a Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya da ke Kanbera, ya fitar da manhajar da daga baya aka sa wa suna Samba, wadda ke sa na'urar Unix ta yi musayar fayil da na'urar Windows. A 2001, cikin jerin Samba 2.2, aka shigo da hadimin da muke magana a kansa, sunansa winbindd. Harafin d na ƙarshe alama ce ta irin manhajojin da ke aiki a ɓoye, waɗanda masu Unix ke kira da wata kalma mai ma'anar rauhani. Yana da ɗan'uwa mai irin aikinsa, SSSD, wanda ya fito daga kamfanin Red Hat.

Ga yadda aikin yake tafiya. Ma'aikaciya ta zauna gaban na'urar Linux ta rubuta sunanta da kalmar sirrinta. Na'urar ta duba rajistarta ta gida, ba ta ga sunan ba, sai ta juya ga hadimi. Hadimi ya kai tambaya wurin hakimin gunduma: akwai mai wannan suna, kalmar sirrin daidai ce, kuma cikin waɗanne rukunai take? In amsa ta zo da kyau, sai ya mai da doguwar lambarta zuwa gajeriyar lamba irin ta Unix, ya yi haka ga kowane rukuni nata, ya miƙa wa na'ura. Daga nan in tana cikin rukunin masu albashi fayil ɗin albashi ya buɗe mata, in ba ta ciki ya ƙi. Takan kuma sami tikitin Kerberos, wanda a bisa al'ada yake aiki na awa 10, don kada a dinga tambayarta kalmar sirri a kowace ƙofa.

Akwai abubuwa uku da ya kamata duk wanda zai riƙe irin wannan aiki ya kiyaye. Na farko shi ne yadda ake mai da lamba. Akwai hanyar da kowace na'ura ke raba lambobi bisa wanda ya fara zuwa. A ƙarƙashinta, mai lamba 10001 a wannan na'ura yana iya zama wani mutum dabam a waccan, kuma ranar da aka kwashe fayiloli daga ɗaya zuwa ɗaya, kayan wani Musa sai su zama na wani Musan, ba tare da na'ura ta yi ƙorafi ba. Akwai kuma hanyar lissafi: in an fara ƙirga daga 10000, mutumin da lambarsa ta ƙarshe take 1105 zai zama 11105 a kowace na'ura. Hanya ta uku ita ce a rubuta lambar cikin rajistar gunduma kanta. Wajibi ne a zaɓi hanya tun ranar farko a kuma rubuta ta, domin gyara daga baya wahala ce babba.

Na biyu ya shafi ƙauyukanmu kai tsaye. In asibitin karkara yana da nisa da hedkwata, layin sadarwa ya yanke, shin aiki ya tsaya ke nan? Ana iya umartar hadimi ya riƙa ajiye shaidar waɗanda suka taɓa shiga, ya bar su su ci gaba har layi ya dawo, kamar mai unguwa da ya riga ya san fuskarka. Amma wannan sauƙi yana da farashi: wanda aka sallama jiya yana iya shiga yau, muddin labari bai iso ba. Daɗin daɗawa, Kerberos ba ya yarda agogon na'ura ya saɓa da na hakimi fiye da minti 5 a bisa al'ada. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, batirin agogon na'ura kuma ya mutu, sai a wayi gari kowa ya kasa shiga, a yi ta zargin kalmar sirri alhali laifin agogo ne.

Na uku shi ne amincewa tsakanin gundumomi. Kazaure tana cikin Jihar Kano har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa, amma mutumin Kazaure bai zama baƙon ido a kasuwar Ɗambatta ba, kuma shaidar masu garinsu tana da daraja. Haka gunduma biyu kan ƙulla amincewa, hadimi ya karɓi mutanen waccan ba tare da an sake rubuta su ba. Sai dai duk wanda ka amince da rajistarsa, ka ɗauki kurakuransa.

Wani zai ce, me ya haɗa mu da wannan? A lokacin da muka je aikin koyon sana'a a wani ofis a yankinmu, mun ga kalmar sirri ɗaya rubuce a takarda, an liƙa ta a jikin tebur. Da ita shugaban sashe yake shiga, da ita akawu, da ita mu ɗalibai ma. Rannan aka tarar an canja wasu alkaluma a jerin masu karɓar taki. Aka tara mu ana tambaya, kowa ya rantse, na'ura kuwa suna ɗaya ta sani. Daga ƙarshe zargi ya faɗa kan ƙaramin ma'aikaci wanda ba shi da mai tsaya masa. Ko shi ne ko ba shi ba ne, babu hanyar tabbatarwa, manoman da aka rage wa rabo kuwa damina ba ta jira su ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙasarmu ta kashe ƙarfi wajen ba 'yan ƙasa lamba. An kafa hukumar NIMC a 2007, an ƙaddamar da BVN a 2014, an kuma soma IPPIS a 2007 domin maganin ma'aikatan bogi a gwamnatin tarayya. Waɗannan suna tantance wanda ake biya. Tantance wanda ya zauna ya taɓa rajistar kuwa aikin cikin ofis ne, kuma a nan hadiminmu yake da amfani. In kowa da sunansa, an san wanda ya yi me. In an yi wa mutum canji, a cire shi daga rukuni wuri ɗaya, dukan ƙofofi su rufe. In an goge suna, lambar SID ɗinsa ba a sake ba wa kowa, ko da wani mai irin sunan ya zo daga baya. Batun kuɗi ma ba hujja ba ne sosai, domin Samba kyauta ce, kuma tun daga fitowar Samba 4.0 a Disamba 2012 tana iya zama hakimin gunduma da kanta. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, kowacce da sakatariya da asibitoci da makarantu. Abin da ake bukata shi ne mutanen da suka iya, suka kuma riƙe amana.

A nan ne za mu yi wa kanmu gargaɗi. Tara rajista wuri ɗaya tara iko ne wuri ɗaya. Iyayenmu suna ba da labarin yadda wasu masu rubuta haraji kan ƙara wa wanda ba sa so nauyi, su sauƙaƙa wa nasu. Mai riƙe da rajistar gunduma yana iya yin irin wannan cikin minti ɗaya, ya sa abokinsa a rukunin da bai cancanta ba. Don haka kada a bar mutum ɗaya da wannan iko babu mai duba shi, kada a sa kowa cikin rukuni sai da takardar izini, kuma a riƙa bin jerin rukunai ana dubawa lokaci lokaci. Hadimi ba ya ƙarya, amma abin da aka rubuta masa shi zai faɗa.

'Yan'uwa ɗalibai, wanda yake da tsohuwar kwamfuta biyu yana iya gwada duk abin da muka faɗa a ɗakin kwanansa kafin ya kammala karatu. Yayyenmu ma'aikata kuma, muna roƙonku da ladabi, in kun koma ofis ranar Litinin ku nemi a ba kowannenku sunansa da kalmar sirrinsa, kada kuma ku ara wa kowa, ko da maigidanku ne, domin duk abin da aka aikata da sunanku ku za a tambaya.

 Inda muka yi kuskure malamanmu su gyara mana. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.