Hanyar Gestalt ta Jinyar Damuwa da Matsayinta a Ƙasar Hausa



Kalmar Gestalt Jamusanci ce, ma'anarta kuwa cikakkiyar sura, watau abu a dunƙule kafin a rarraba shi. Likita Fritz Perls, wanda aka haifa a Balin cikin 1893, shi da maiɗakinsa Laura suka aro ta daga masana halin ɗan Adam na Jamus. Sun gudu daga mulkin Hitila cikin 1933, suka zauna a Afirka ta Kudu, sa'an nan suka ƙaura Amurka, inda littafin da ya kafa wannan hanya ya fito cikin 1951, Perls da Paul Goodman da Ralph Hefferline suka haɗu suka wallafa shi.

Tushen ra'ayin shi ne, zuciyar mutum ba ta sakin abin da bai kammala ba. Tun cikin 1927 wata masaniya, Bluma Zeigarnik, ta ba da rahoton cewa mutane sun fi tuna aikin da aka katse musu bisa ga wanda suka gama. Perls ya ce haka baƙin ciki yake: maganar da aka haɗiye, da kukan da aka danne, sukan zauna a jiki su hana mutum sakewa. Saboda haka mai jinya ba ya tonon yarintar majinyaci kamar yadda almajiran Freud suke yi. Abin da yake tambaya shi ne, me kake ji yanzu, a nan? Yakan lura da muryar da ta shaƙe da hannun da ya dunƙule, ya jawo hankalin mai su. Bahaushe ya riga shi faɗa, labarin zuciya a tambayi fuska.

A Gyaɗi-Gyaɗi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da aka kafa cikin 1988, yana da sashen masu taɓin hankali. Amma mai damuwa a ƙasar nan da wuya ya ce yana baƙin ciki. Sai ya ce kansa yana zafi, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, kuma sau da yawa ya biya ta wurin malami ko mai ruƙiyya kafin ya ga likita. A nan hanyar Gestalt tana da ƙofar shiga, domin da jiki take farawa.

Wahalar tana ga dabararta mafi shahara, ta kujerar da ba kowa. A ɗauki misalin matar da mijinta ya rasu suna cikin saɓani, ta gama takabar wata huɗu da kwana goma, barci ya ƙi. Mai jinya zai ajiye kujera, ya ce ta ɗauka mijin yana zaune, ta faɗa masa abin da ya rage. Binciken Paivio da Greenberg na 1995 a Kanada ya nuna dabarar tana rage raɗaɗin irin wannan ƙulli. To, amma a Kano mai kallo zai iya zaton bori ake yi, ita kanta matar tana iya ganin magana da mamaci saɓo ne. Ga kuma kunya: uwar da ba ta faɗar sunan ɗanta na fari, ina za ta kai ƙarar mijinta gaban baƙo? Perls a ƙarshen rayuwarsa ya cika ɗaukaka tsayuwar mutum shi kaɗai, ra'ayin da zumunci ba zai karɓa ba. Lalle ya yi kuskure in ya ɗauka kowane haƙuri danniya ne.

Likita Adeoye Lambo ya nuna mafita tun 1954 a Aro, kusa da Abekuta, lokacin da ya zaunar da majinyata a ƙauyuka tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Haka ya kamata a yi wa Gestalt. A ɗauke kujerar, a tambayi matar me za ta so a ce ta faɗa kafin rasuwar, ta faɗe shi a matsayin yafiya ko addu'a, mace 'yar'uwarta tana kusa, mai jinya kuwa yana kula da numfashinta da inda muryarta ta tsaya.