Kafin Ki Sayi Injin Markaɗe

Yau maganar inji za mu yi. Da yawanmu in an kwashi adashi, ko an sayar da 'yar akuya, tunanin da ke fara zuwa shi ne a kafa injin markaɗe a gida. Tunani ne mai kyau kuwa, don sana'a ce da ba sai kin leƙa ƙofar gida ba: yara su kawo, yara su mayar. Amma tunda ba ke za ki je kasuwa ba, maigida ne ko ƙaninki zai sayo, to ya kamata ki san abin da za ki ce musu. In ba haka ba mai shago ne zai zaɓar miki.

Da farko, wane aiki kike so ya yi? Markaɗe daban, niƙa daban, ɓarza daban, surfe kuma daban. Ƙaramin injin nan da muke gani a gidaje na markaɗe ne, wato abu jiƙaƙƙe: waken ƙosai da alale, waken suya na awara, geron koko, shinkafar waina, kayan miya. Zai iya ɓarza, zai iya niƙa ɗan gero kaɗan. Amma busasshiyar masara mudu goma ta tuwo ba aikinsa ba ce, wannan na babban injin dizal ne na bakin titi, irin wanda ake kira Lista. In kika matsa wa ƙarami, garin ba zai yi laushi ba, injin kuma ba zai daɗe ba.

Injin kansa kashi biyu ne. Akwai kai, inda ake zuba hatsi. A cikinsa farantan ƙarfe biyu ne masu haƙora, ɗaya a tsaye, ɗaya na juyawa, hatsin na bi ta tsakaninsu. Akwai abin murɗawa a gaba: in kin ɗaure, farantan su matsu, abu ya yi laushi, in kin sassauta, ya fito da tsaki-tsaki. Sai kashi na biyu, abin da ke juya kan, ko injin fetur ko mota ta lantarki, bel ne ke haɗa su.

To, wanne za a ɗauka? Na lantarki ba shi da hayaƙi, ƙararsa da sauƙi, ba sai kin ja igiya ba. Matsalarsa kin san ta. An canza wa NEPA suna tun 2005, amma har yau in an ɗauke wuta sunanta muke kira. Mai ƙosai kuwa da asuba take son ƙullunta, ba za ta jira a kawo wuta ba. Sannan in wutar ta zo ba ƙarfi, mota sai ta riƙa gurnani ba ta juya ba. In kika ji haka ki kashe nan take, don ƙonewa za ta yi. Na fetur, irin samfurin Honda mai ƙarfin doki 5.5 ko 6.5 da masu kama da shi, ba ruwansa da NEPA. Sai dai tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin fetur ya zama abin da sai an yi lissafi. Ni dai a ganina, in unguwarku ba ta samun wuta tsayayya, na fetur ya fi miki kwanciyar hankali.

Ga wani wuri da ake yawan kuskure, musamman in an sayi kai daban, mota daban. Ku lura, bel yana zagaya 'yan ƙafafun ƙarfe biyu, ƙarama a jikin mota, babba a jikin kai. Ba ado ba ne. Motar lantarki da aka saba sa wa tana juyawa kusan sau 1,440 a minti ɗaya, ta fetur kuwa tana kaiwa 3,600. Wannan gudun ya yi wa faranti yawa. In ƙaramar inci 3 ce, babbar inci 9, sai gudun ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, wato 1,440 ya koma 480, ƙarfin juyawa kuma ya ƙaru. In aka sa su kai ɗaya, faranti zai yi zafi, ya cinye da wuri, ƙullu ya fito da ɗumi ya yi saurin tsami. Masu kunun zaƙi da ke sa tsiron dawa ko na shinkafa su fi kowa kula da wannan, don abin da ke cikin tsiro mai tsinka kunu ya ba shi zaƙi ba ya son zafi mai yawa. A sassauta, a niƙa sau biyu, ya fi a ɗaure tamau sau ɗaya.

Wajen kafawa, a sa mai walda ya yi teburin ƙarfe mai nauyi, a ɗaure ƙafafunsa a siminti ko kan katako mai kauri, kada ya riƙa tafiya. Ƙafafun bel ɗin nan biyu su daidaita a layi ɗaya, in ba haka ba kullum sai bel ya zame. Kuma don Allah a ce masa ya yi wa bel murfi. Zai ce ba dole ba ne, ki ce ke dole ne a wurinki. Mu masu hijabi ne da mayafi da bakin zane, bel kuwa in ya kama tufa ba ya saki, yana jan wuya ne. Ki ɗaure ɗankwali tamau, ki ajiye mayafi gefe kafin ki tayar. Kada ki tura hatsi da yatsa, ki sami guntun ice. Yara masu kawo markaɗe su tsaya daga nesa.

Injin fetur kuma ba a kafa shi cikin ɗaki ko rufaffen kicin, ko da ana ruwa, ko da ana sanyi. A cikin hayaƙinsa akwai iska mai guba irin ta janareto, ba ta da launi, ba ta da wari, ciwon kai da jiri kawai za ki ji, daga nan sai suma. A yi masa rumfa a tsakar gida, nesa da tagar ɗakin kwana. Ba a ƙara masa mai yana aiki, ba a kuma ajiye galan kusa da murhu. Na lantarki kuwa, aikin ruwa kike yi, saboda haka makunnin ya zama sama da inda ruwa ke fantsama, a kira mai gyaran wuta na gaske ya haɗa.

Saura maganar faranti. Ƙarfe ne yake gogar ƙarfe, dole yana cinyewa, abin da ya cinye kuma cikin abinci yake shiga. Shi ya sa wani lokaci za ki ga ƙullu ya fito da baƙi-baƙi. In sabo ne, ko an dawo da shi daga wasawa, ki fara zuba dusa ki niƙa, ki zubar, ki wanke, kafin ki sa abincin mutane. Kada ki bar shi yana gudu ba komai a ciki. In kin markaɗa tattasai da attarugu, ki buɗe ki wanke kafin geron kunun jariri ya biyo baya.

Kuɗin da ke shigowa kuma ba duka ne riba ba. Ki ware gwangwani guda na mai, guda na gyara, don bel zai tsinke, faranti zai buƙaci canji, baƙin mai ma ana juye shi. Sannan tun ranar farko ku yi magana da maigida da abokan zama: da wane lokaci za a riƙa tayarwa, markaɗen gida kyauta ne ko da biya, rasiɗin sayen kuma a rubuta shi da sunan wadda ta ba da kuɗin.

Lokaci ya cimmana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.