Kuɗin Waje da Namun Dajinmu: Jawabi a Taron Ɗaliban Ƙasar Zuru, Dirin Daji



Kakanninmu a nan ƙasar Sakaba suna ba da labarin ɓauna da gwanki kamar yadda muke ba da labarin awaki. Mu kuwa galibinmu ba mu taɓa ganinsu ba sai a littafi. Shi ya sa muka ga ya kamata mu dubi abin da kuɗin tallafi na ƙasashen waje suke yi wa namun daji.

Mu fara da maƙwabtanmu na Nijar. A 1996 raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ragu har saura 49 kacal, dukkansu a wajejen Kure, gabas da Yamai. Ba shinge aka yi musu ba, a gonakin mutane suke kiwo, har su ci wa manomi wake. Masu ba da tallafi suka gane cewa wanda aka ci wa wake ba ya jin wa'azi, sai suka bi ta kan cikinsa: aka gina rijiyoyi, aka ba mata rance, samari suka zama masu yi wa baƙi jagora. Gwamnati kuma ta tsananta hana farauta. Yawan raƙuman ya haura 600. A 2018 aka kwashi takwas aka kai Gadabeji ta jihar Maraɗi, inda aka yi shekaru da dama ba a ga ko ɗaya ba. Amma a Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure, baƙi suka ɗauke ƙafa, masu jagora suka rasa abin yi.

A Cadi ma, da kuɗin Abu Dabi aka mayar da mariri daji a 2016, bayan an daɗe da fid da rai.

To, mu fa? Zaki ya ƙare a Nijeriya in ban da Yankari da gandun Tafkin Kainji, wanda ɓangarensa na Zugurma bai yi mana nisa ba. A Yankari, ƙungiyar WCS ta Amurka ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Bauci a 2014, ta taimaka wa masu tsaron gandu da guzuri da horo, kisan giwa domin haure ya ja baya ƙwarai. Kainji kuwa, duk da faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 5,000, miyagu sun sami mafaka a cikinsa, kuma mu nan ba sai an gaya mana abin da hakan ke nufi ba.

Abin da ke damunmu shi ne, tallafi yana da wa'adi, alhali giwa kan yi kusan shekara biyu da ciki ɗaya. Ran da kuɗin suka ƙare, wa zai biya mai gadi? Ku da za ku zauna a ma'aikatun Birnin Kebbi, a hannunku kasafin zai bi. Mun roƙe ku kada layin gandun daji ya zama na farko da alƙalaminku zai soke.

Kuma kafin mu nemi kuɗin kowa, sai mu san abin da ya rage mana. Kadojin Girmace suna nan a Zuru, al'ada ce ta tsare su, ba kwabon kowa. Muna ba ƙungiya shawara ta tura ɗalibai a hutu mai zuwa, su zauna da tsofaffin mafarauta, su rubuta sunan kowace dabba, da inda aka gan ta, da shekarar da aka yi mata ganin ƙarshe.